Yadda Za a Koyar da Tarihin Ƙahon Hazo na Teku a Makarantun Yamai

Malamin da ke son ɗalibansa su fahimci yadda jiragen ruwa suke tsira idan hazo ya rufe teku, ya kai su bakin kogin Isa da safiyar hunturu, lokacin da ƙura ke ɓoye Gadar Kennedy. A can zai bayyana musu cewa hazon teku na danshi ne, amma illarsa ɗaya da ta namu: fitilar da ke kan hasumiyar gaɓa ba ta amfanar matuƙin da ba ya ganinta, dole ya dogara da kunnensa.

Daga nan malam ya jera kayan aikin bisa matsalar da kowanne ya zo ya magance, domin shekaru tsura ba sa zama a kan yaro. A 1719 aka girke igwa a hasumiyar Boston ta Amurka, ana harba ta don amsa wa jirgin da ya rasa hanya, sai dai tana cin albarushi, tana kuma hana mai gadi barci. Ƙararrawa ta fi arha, amma iska na cinye amonta. A 1859 aka kafa ƙaho mai aiki da tururi a tsibirin Partridge na Kanada bisa ƙirar Robert Foulis, kuma a nan ya kamata a daɗe, saboda ƙahon amo mai kauri yake fitarwa, shi kuwa amo mai kauri ya fi siriri nisan zango. A tura ɗalibi ɗaya da ganga, wani da sarewa, su yi ta nisa a fili mai faɗi, sauran su rufe ido su faɗi wanda suka fara daina ji da kuma ɓangaren da sautin ke fitowa. Za su yi gardama a kan ɓangaren, kuma gardamar ce abin nema, domin gwajin da masanin kimiyya John Tyndall ya fara a South Foreland ta Ingila a 1873 ya nuna cewa yanayin iska na iya karkatar da sauti ko ya dushe shi.

Sai a rufe darasin da ƙa'idar duniya ta hana karon jiragen ruwa, ta 1972: jirgi mai inji da ke tafiya cikin hazo yakan yi busa mai tsawo guda ɗaya, ta daƙiƙa 4 zuwa 6, ba tare da ya wuce minti 2 bai sake ba, wanda ya tsaya cik kuwa busa biyu yake yi. Ɗalibai su yi busar, 'yan'uwansu su fassara. Na'urar rada, mai gano abin da ke gaban jirgi ko da cikin hazo, da GPS sun sa ƙasar Ailan ta kashe ƙahonin gaɓarta a 2011, amma jiragen da ke kawo kayanmu tashar Lome har yanzu ƙa'idar tana kansu.