Yadda ake haɗa waya da rediyon mota ba tare da igiya ba, ko da motar tsohuwar yayi ce

Yawancin motocin da ke yawo a titunan Kano, Kaduna ko Maraɗi sun girmi wayoyin da ke aljihun masu su nesa ba kusa ba. Corolla ta 2005, Accord ta 2003, Fijo 406, Golf, duk an ƙera su ne a zamanin kaset da faifan CD. Amma kowacce cikinsu za a iya sa ta ɗauki kira, ta kuma kunna karatu ko waƙa daga waya ta Bluetooth. Abin da ke jawo wa mutane asara shi ne su ruga kasuwa su sayo na'ura tun ba su duba abin da motar ta zo da shi ba.

Saboda haka ka fara da dubawa. Kalli sitiyari, ko akwai maɓalli mai hoton kan tarho. Kalli fuskar rediyon, ko an rubuta Phone ko BT. In babu, nemi ƙaramin rami irin na abin sauraro na kunne, mai faɗin milimita 3.5, wanda aka rubuta AUX a gefensa. Sau da yawa ba ya kan rediyon, yana ɓoye cikin akwatin da ke tsakanin kujerun gaba. Abin da ka gani shi zai nuna maka hanyar da za ka bi.

In motar ta zo da Bluetooth

Faka tukuna. Motoci da dama ba sa yarda a haɗa sabuwar waya suna cikin tafiya, sai ka yi ta dannawa kana zaton lalacewa ce. Ka bar injin a kunne, ka shiga saitin waya na rediyon ka zaɓi ƙara sabuwar na'ura. Sai ka kunna Bluetooth a wayarka, ka jira sunan motar ya fito, ka taɓa shi. Sababbin rediyoyi za su nuna lamba shida a fuskarsu da kuma fuskar wayar, in sun yi daidai ka amince. Tsofaffi kuwa lambar sirri suke nema, galibi 0000 ko 1234. Daga nan wayar za ta tambaye ka ko ka yarda motar ta karanta lambobin mutanenka. In ka yarda, sunan mai kira zai riƙa fitowa a rediyon.

In ta ƙi haɗuwa, duba jerin wayoyin da rediyon ya riƙe. Jerin yana da iyaka, kuma motar Kwatano kan iso da wayoyin tsohon mai ita na Amurka ko Jamus har yanzu a ciki. Goge su, ka sake gwadawa.

Wani abin da ke ruɗa mutane: kira yana fita ta sifika, amma waƙa shiru. Dalili shi ne Bluetooth na bin hanyoyi biyu daban, ta kira ana ce mata HFP, ta sauti kuma A2DP. Shiga saitin Bluetooth na wayarka, taɓa sunan motar, ka tabbata duka biyun a kunne suke, sannan ka juya rediyon daga FM zuwa BT Audio. In har yanzu shiru, to motarka na cikin waɗanda aka yi musu hanyar kira kaɗai, kamar wasu na wajajen 2007 zuwa 2010. Sai ka bi ɗaya daga cikin hanyoyin da ke ƙasa don sauti.

In akwai ramin AUX

Ka yi sa'a, don wannan ita ce hanyar da ta fi ba da sauti mai tsabta a kuɗi kaɗan. Sayi ƙaramar na'urar Bluetooth mai bakin AUX, ka cusa ta, ka ba ta wuta daga cajar mota, ka juya rediyon zuwa AUX, ka haɗa wayarka da ita. Ka tambayi mai shago ko tana da makirfo, don wasu na waƙa ne kawai. In ka ji wani siririn kuka da ke ƙaruwa duk sanda ka taka totur, ba sifika ce ta mutu ba, hayaniyar wutar mota ce ke biyo caja. Canza caja, ko ka sa 'yar na'urar tace hayaniya da ake sayarwa don haka tsakanin na'urar Bluetooth ɗin da ramin AUX.

In babu ko ɗaya

Nan ne na'urar da ake cusawa a ramin kunna sigari ke da amfani, wadda ta cika kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da ire-irenta. Ita ƙaramar tashar FM ce: tana karɓar sauti daga wayarka ta Bluetooth, ta watsa shi, rediyon motar ya kama. Mutane na yawan zaginta, alhali galibi laifin na zaɓen mita ne.

Kafin ka cusa ta, kunna rediyon ka bi mitocin a hankali da hannu, daga 87.5 zuwa 108. Kana neman inda babu komai sai shuuu, kuma babu tasha kusa da shi ta sama ko ta ƙasa. A Kano, alal misali, in ka saita ta kusa da 99.5, Freedom Radio za ta danne ka ko ta kutso cikin sautinka. Bakin farko da bakin ƙarshen zangon sun fi zama fayau. In ka samu wurin, cusa na'urar, saita ta a kan wannan mita daidai, shuuu ɗin zai ɗauke. Sannan ne za ka haɗa waya.

Asalin motar ma na da tasiri. Rediyon motar da aka yi wa kasuwar Amurka yana tsalle ne a kan lambobin mara, 88.1, 88.3, 88.5, don haka in ka sa na'urar a 88.0 ko 88.2 ba zai taɓa kama ta da kyau ba. Tsohon rediyon da aka yi wa kasuwar Japan kuwa daga 76 zuwa 90 yake tsayawa, ka ga abin da ya rage maka ɗan tsakanin 87.5 da 90 ne. Mai yawan tafiya ya adana mitoci biyu a maɓallan rediyo, don wurin da babu kowa a Kano yana iya zama na wata tasha da ka kusa Zariya ko Kaduna.

Ƙara sautin wayar ya kusa ƙarshe amma kada ya kai, sannan ka daidaita sauran da rediyo. Da ka kashe mota ka zare makulli, kalli fitilar na'urar. In ba ta mutu ba, ramin motarka ba ya yanke wuta, ka riƙa cire ta in motar za ta kwana biyu a ajiye, in ba haka ba wata safiya sai an tura ka.

Wanda ke da hali yana iya canza rediyon ɗungurungum zuwa mai fuska irin ta waya. Abu biyu kawai zan ce: kada ɗan rewaya ya yanke wayoyin motar alhali akwai soket ɗin da ya dace da ita, kuma a ɗaura makirfo a sama kusa da makarin rana, kada a bar shi bayan rediyo.

Gwajin kira

Kana fake, kira wani ka tambaye shi yadda yake jin ka. In muryarsa na dawo masa, rage sautin rediyo. Gilashi a buɗe da iskar fanka mai bugun makirfo su ne ke cinye murya.

Sai abin da ba a faɗa a shago. Daga ranar da ka haɗa, kiranka ya zama na duk wanda ke cikin motar. Uwargida ta kira kana ɗauke da abokai, ko mai binka bashi ya kira surukinka na zaune a gaba, to maganar farko ita ce "ina mota, ana jin ka". Saƙon murya na WhatsApp ma ta sifika zai fito, da ƙarfinsa. Mai waya biyu ya sani cewa rediyon kan kama wadda ya haɗu da ita a ƙarshe, ko da ba ita yake so ba.

Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya na ɗaukar amfani da waya yayin tuƙi a matsayin laifi, kuma hannu a kan sitiyari ba ya hana hankali tafiya wurin magana. Zaɓi abin da za ka saurara kafin ka tashi, kiran ciniki ko na rigima kuma a gangara gefe a yi shi. Ranar da za ka sayar da motar ko ka ba da aronta na kwanaki, shiga jerin wayoyin ka goge taka, don wasu rediyoyin na ajiye lambobin mutanenka da jerin kiran da ka yi.