Idan sugan yaro ya sauka: abin da za a yi cikin minti 15

Yaro mai ciwon suga da ake yi wa allurar insulin, abin da ya fi saurin kayar da shi shi ne saukar suga, wato na'urar gwajin jini ta nuna ƙasa da 3.9 a ma'aunin mmol/L. Za a ga jikinsa na rawa, gumi mai sanyi na keto masa, ga yunwa da jiri. Ƙaramin yaro ba ya iya faɗa, sai dai rigima babu dalili, ko ya yi lamo yana lumshe ido. Malaman makaranta a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi su kula, kada a ɗauka taurin kai ne a kai hannu ga bulala.

A gwada nan take. In babu na'ura a kusa, a ɗauka saukar ce.

Yaro mai kilo 30 giram 9 zuwa 10 na sukari yake buƙata, wato cokalin shayi biyu da rabi a dama cikin ruwa kaɗan. Mai kilo 50 giram 15: cokali huɗu, ko mil 150 na Coca-Cola, amma ba Zero marar sukari ba. A zaunar da shi, a jira minti 15, a sake gwadawa. In bai kai 3.9 ba, a maimaita.

A nan iyaye suka fi kuskure. Milo da madara, cakulan da ƙosai duk suna da maiƙo, shi kuwa maiƙo yana hana sukari shiga jini da wuri. Wasu kuma don firgita sai su ba shi kwalba guda ya shanye, sugan ya yi sama da yamma. Sai bayan ya dawo daidai ake ba shi burodi, ayaba ko koko, don kada ya sake sauka.

Idan ya suma ko yana jijjiga, kada a ɗura masa komai, ko ruwan rubutu ne, zai iya shaƙe shi. A kwantar da shi ta gefe ɗaya. Wanda ke da allurar glukagon a gida, wato allurar da ke ɗaga suga cikin gaggawa, ya yi masa a cinya: rabin miligiram in bai kai kilo 25 ba, miligiram 1 in ya wuce. A kira lambar gaggawa 112, ko a garzaya da shi asibitin Komfo Anokye ko asibitin da ya fi kusa.

Daga baya a binciki dalili. Sau da yawa an yi allura ne sannan aka tsaya jiran mai waakye (shinkafa da wake) ba a ci abinci ba, ko yaro ya wuni a filin ƙwallo, ko ya ɗauki azumi a ɓoye. Saukar da ƙwallo ke jawowa takan zo cikin barci, don haka ranar a gwada shi wajen ƙarfe 2 na dare. A rubuta lokaci da lambar a kai wa likita ya gyara awon allurar. Kada a daina insulin don tsoro.