Yadda na gyara jinkirin duba bashin kwastoma

Manhajar da na haɗa wa wani shagon atamfa a Kantin Kwari tana duba ko akwai bashi a kan kwastoma kafin ta fitar da rasit. Da ciniki ya taru a rumbun bayanai na PostgreSQL, sai ta fara nawa. Yaron shago ya danna, ya tsaya yana kallon allo, kwastoma na tsaki.

Na saka EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke nuna yadda rumbun ke neman amsa, sai ga Seq Scan: tana bin teburin bayanan kaf, layi-layi. Kuma tambayar da manhajar ke yi wa rumbun ta COUNT(*) ce, wato sai ta ƙirga duk bashin mutum, alhali e ko a'a kawai muke nema. Na mayar da ita EXISTS, wadda ke tsayawa da zarar ta ci karo da layi ɗaya.

Amma wannan bai wadatar ba. Wanda ba a bin sa ko sisi, kuma su ne suka fi yawa, sai an karaɗe teburin kafin a ce babu. Fihirisa (index, wato jerin da ke kai rumbun kai tsaye ga layin da ake nema) a kan lambar kwastoma ce ta kashe maganar. Da CREATE INDEX CONCURRENTLY na gina ta, don kada rubuta ciniki ya tsaya ana tsakiyar kasuwa, har Alhaji mai shagon ya kira ni.