Yadda Mai Goyon Baya Zai Zauna da Ƙungiyar da Ake Sake Ginawa

Babu maganar da ta fi yi wa mai son ƙwallo ɗaci a kunne kamar ya ji mahukuntan ƙungiyarsa sun ce ana sake gina ƙungiya, a ƙara haƙuri. Abin da take nufi a aikace shi ne 'yan wasan da ya saba da su za su tafi, za a kawo yaran da bai san ko sunansu ba, za a sha kashi a gida da waje, shi kuwa ana so ya ci gaba da yankar tikiti yana shan rana a filin wasa. A Kano wannan magana ba ta shiga da sauƙi, domin mutanen da suka ga Kano Pillars ta ɗauki kofin firimiya a 2008, ta sake ɗaukarsa sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014, ba su saba da dogon jira ba. Wannan bayani na mai goyon baya ne, domin ya san irin haƙurin da ya dace ya yi, da abin da zai riƙa dubawa, da hanyar da zai bi ya nuna fushinsa ba tare da ya karya ƙungiyar da yake so ba. Zan riƙa ɗauko misalai daga wasan besbol na Amurka, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo da kulki, saboda a can ne aka mai da rushe ƙungiya da sake gina ta sana'a mai lissafi, kuma a can ne aka fi ganin inda take kaiwa.

Abu na farko shi ne ka san dokar gasar da ƙungiyarka take ciki, domin ita ce za ta nuna maka iyakar haƙurin da ya halatta. A babbar gasar besbol ta Amurka ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 162 a kaka, kuma babu faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni komai lalacewar ƙungiya. Bugu da ƙari, shekara da shekaru tsarinsu shi ne wadda ta fi kowa shan kashi ita ce za ta fara zaɓar matashin da ya fi fice a cikin masu tasowa, kuma matashin nan zai yi mata kusan kaka shida a babbar gasa kafin ya sami ikon tafiya inda ya ga dama. Wato a can shan kashi yana da lada. Da wannan lissafi ne Houston Astros ta yi rashin nasara a wasa 106 a 2011, da 107 a 2012, da 111 a 2013, ta kwashi matasa, sannan ta ɗauki kofin gasar a 2017, ko da yake daga baya binciken hukumar gasar ya kama ta da satar alamun sirri da 'yan wasan abokan karawa ke yi wa juna da hannu a waccan kakar. Abin ya yi yawa a tsakanin ƙungiyoyi har daga 2023 aka koma yin ƙuri'ar sa'a a kan gurabe shida na farko na zaɓen matasa, domin kada zama kurar baya ya ci gaba da zama tabbacin samun zaɓin farko.

Mu a nan ba haka abin yake ba. Gasar firimiyar Nijeriya ƙungiyoyi 20 ce, huɗun ƙarshe suna faɗawa rukunin 'yan dagaji, kuma babu wani matashi da ake ba ka kyauta don ka zo na ƙarshe. Kanawa sun ɗanɗani wannan a 2022, lokacin da Pillars ta faɗo, sai a 2023 ta dawo. Saboda haka idan wani jami'i ya ce maka a manta da kakar bana gaba ɗaya domin ana shirin baɗi, kada ka karɓa. Ginin da ya dace da mu shi ne wanda ake yi ana kare maki, ana saka yara a hankali a tsakanin manya biyu ko uku da suka san hanyar Aba da Inugu da irin tarbar da ake yi wa baƙo a can. Irin amfanin da ke cikin tsohon hannu kamar Rabi'u Ali ke nan, wanda yaro zai koyi abu a gefensa da ba a koyarwa a wajen atisaye.

Daga nan sai ka nemi a gaya maka shirin da lokacinsa. Kalmar “haƙuri” ita kaɗai ba shiri ba ce. Shiri shi ne a ce kaka nawa aikin zai ɗauka, wane matsayi ake hari a bana, su wane ne yaran da za a gina ƙungiya a kansu, kuma kuɗin 'yan wasan da aka sayar ina za su shiga. Ƙungiyar besbol ta Chicago Cubs ta ɗauko Theo Epstein a ƙarshen 2011 domin ya shugabanci harkokin wasanta, bai ɓoye wa magoya baya cewa aikin zai ɗauki shekaru ba, kuma a 2012 ƙungiyar ta sha kashi sau 101. Amma mai lura yana ganin tubalan suna hawa: an kawo Anthony Rizzo a 2012, an zaɓi Kris Bryant a 2013, an karɓo Jake Arrieta ta hanyar musaya a wannan shekarar. Babbar shaidar ta zo a ƙarshen 2014, da suka buɗe bakin jaka suka ba gogaggen mai jefa wa masu kulki ƙwallo Jon Lester kwantiragin shekara shida na dala miliyan 155, abin da ya nuna cewa tsumulmular baya ba rowa ba ce. A 2016 suka ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 1908. Ka kwatanta wannan da Florida Marlins, wadda ta ci kofi a 1997, ta sayar da taurarinta nan take, ta sha kashi sau 108 a 1998, ko kuwa Pittsburgh Pirates, wadda ta yi kaka ashirin a jere, daga 1993 zuwa 2012, ba ta gama ko ɗaya da nasarori fiye da rashin nasara ba. Yaron da aka haifa a farkon wannan jira ya isa aure kafin ya ƙare.

Hanyar bambance gini da yaudara ba ta da wuya, sai dai tana buƙatar rubutu, domin ƙwaƙwalwar mai goyon baya wasan jiya kaɗai take riƙewa. Ka sami ɗan littafi, ko ka buɗe wuri a wayarka, ka rubuta abin da mahukunta suka faɗa a farkon kaka da ranar da suka faɗe shi. Ka rubuta duk wanda ya tafi da wanda ya zo a madadinsa. Ka riƙa lura ko yaran da aka ce su ne gobe suna samun shiga wasa, ko kuwa benci suke ɗumamawa yayin da ake ta kwaso tsofaffin da wasu ƙungiyoyi suka sallama. Ka ƙirga masu horarwa: ƙungiyar da ta canza koci uku a kaka ɗaya ba gini take yi ba, ko me ta kira abin, domin kowane sabon koci da nasa yaran yake zuwa. Sannan ka kasa kunne a kan albashi da alawus, saboda yaron da yake bin bashin wata uku ba zai zauna ya ga ƙarshen ginin ba, wakilinsa zai nema masa wani wurin tun kafin hutun tsakiyar kaka. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma waɗannan abubuwa sun fi sakamakon wasa ɗaya nuna inda aka dosa.

Sai dai ka yi adalci a kan kuskure, domin ko shirin gaskiya yana tuntuɓe. Astros ɗin nan ta yi zaɓin farko sau uku a jere. Carlos Correa na 2012 ya zama ginshiƙi, Mark Appel na 2013 bai taɓa buga mata wasa a babbar gasa ba, Brady Aiken na 2014 kuwa ko hannu bai sa mata ba. Idan yaro ɗaya ko biyu suka ƙi yin abin da aka zata, wannan ba hujjar cewa an yaudare ka ba ne.

Inda magoya baya suka fi ɓata rawarsu da tsalle shi ne wajen zaɓar wanda za su sauke wa fushi. Na taɓa zama a filin wasa kusa da wani dattijo mai carbi a hannu da rediyo a kunne, ana saura kaɗan a tashi, wani ɗan baya da bai wuce shekara goma sha tara ba ya yi sakaci aka farke mana ƙwallo. Wani saurayi a gabanmu ya miƙe da ledar fiyawota a hannu zai wurga, bakinsa cike da ashar. Dattijon ya kama gefen rigarsa ya ce, “Ɗana, zauna. Yaron nan shi ya sayar da wanda yake wurin a da?” Saurayin ya ce, “Baba, ai abin ne da ciwo.” Ya ce, “Da ciwo mana, amma idan ka jefa, mu za a ci tara, shi kuma gobe ƙafarsa rawa za ta yi.” Saurayin ya fasa ledar ya sha ruwan, ya zauna yana huci. Lissafin dattijon daidai ne, kuma an gan shi a fili. A watan Afrilun 2022, bayan wasan Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, an farfasa motar baƙin, hukumar gasar ta cire wa Pillars maki uku, ta ci ta tarar naira miliyan tara, ta kuma ɗauke wasanninta na gida daga Kano, a kakar da kowane maki yake da tsadar zinariya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Filin da baƙi suka shafe shekara goma sha biyu ba su ci wasan gasa a cikinsa ba, daga 2003 har Nasarawa United ta karya tarihin a 2015, ƙarfinsa jama'a ne, kuma duk ranar da aka kulle shi ko aka kai wasa wani gari, ƙungiya ta rasa babban makaminta.

Fushin da yake aiki shi ne wanda aka tsara. Magoya bayan Oakland Athletics, da suka gaji da ganin ana sayar da 'yan wasa ana kuma shirin ɗauke ƙungiyar daga garinsu, sun daɗe suna ƙaurace wa fili, har aka fara cewa ai garin ne ba ya son wasan. Sai suka juya dabara. A ranar 13 ga Yunin 2023 suka cika fili su 27,759, da yawansu sanye da korayen riguna masu kira ga mai ƙungiyar, John Fisher, da ya sayar da ita, suna yi wa 'yan wasa tafi suna yi wa mai gida ihu. Ba a fasa gilashi ba, ba a taɓa kowa ba, amma labarin ya zagaye ƙasar. Gaskiya ita ce hakan bai hana ƙungiyar barin Oakland bayan kakar 2024 ba, domin mai ita ɗan kasuwa ne da dukiyarsa, babu mai ƙuri'a a kansa. A nan ne muke da abin da su ba su da shi: yawancin ƙungiyoyinmu, har da Pillars, na gwamnatocin jihohi ne, da kuɗin jama'a ake tafiyar da su, don haka mai goyon baya yana da haƙƙin tambaya, kuma waɗanda ake tambayar suna da dalilin saurare.

Yadda za a yi amfani da wannan dama shi ne ta hanyar ƙungiyar magoya baya, ba ta hanyar cincirindo a ƙofar ɗakin canza kaya ba. A zauna a fitar da tambayoyi kaɗan masu amsa, a rubuta su cikin ladabi, a kai wa hukumar gudanarwa da ma'aikatar wasanni, a ajiye kwafi mai ɗauke da kwanan wata. Tambayar “me ya sa ba ma cin wasa” ba ta da amfani, kowa zai amsa ta da addu'a. Tambayar da take ɗaure mutum ita ce nawa aka sayar da wane, kashi nawa na kuɗin ya shiga ƙungiyar matasa, kuma shekara nawa ne kwantiragin koci. Idan aka yi shiru, shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyon Kano suna buɗe layi, sai a karanta tambayoyin kamar yadda aka rubuta su, ba zagi ba ƙazafi, a maimaita mako bayan mako. Haka nan a Facebook, zargin da ba ka da shaidarsa ka bar shi a cikinka, domin ƙarya ɗaya idan aka kama ta takan zubar da ƙimar tambayoyin gaskiya goma. Ana kuma iya neman rangwamen kuɗin shiga a kakar da aka ce ta gini ce, musamman ga ɗalibai, tunda wanda ya rage armashin kaya ya kamata ya rage farashi.

Game da kuɗinka da ƙafarka, kai ke da iko. Idan ka ga alamun gini na gaskiya, zuwa fili a lokacin da ake shan kashi ya fi zuwa ranar ɗaukar kofi amfani, domin a ranar ne yaran suke buƙatar murya. Idan kuwa littafinka ya nuna an karya alkawari kaka biyu a jere, babu laifi ka zauna a majalisa ka saurari wasan a rediyo, ka kuma faɗi dalilinka a fili domin kada a fassara kujerar da ka bari da cewa Kanawa sun daina son ƙwallo. Lokacin da ya fi dacewa a yi wannan hisabi shi ne hutun tsakiyar kaka, bayan wasa goma sha tara, sa'ad da aka buɗe kasuwar 'yan wasa. A buɗe littafin a gaban 'yan majalisa, a karanta alkawuran farkon kaka ɗaya bayan ɗaya, a duba maki nawa ke tsakanin ƙungiya da huɗun ƙarshe, a ƙirga yara nawa ne suka buga aƙalla rabin wasannin, sannan a rubuta wasiƙa ta biyu kafin a koma zagaye na biyu.