Yadda na gyara matsalar sanyi a rigar nutso

Ruwan Legas da ɗumi yake, amma aikin nutso ya kai ni Afirka ta Kudu, ɓangaren Atlantika, inda ruwa kan sauka ƙasa da digiri 14. Rigar da ke hana ruwa shiga ba ta ɗumama jiki, aikin kayan ciki ne wannan. Singiletin auduga kuwa gumi yake sha, ya manne a baya, sai sanyi ya kama mutum har yatsu su ƙage.

Na cire auduga gaba ɗaya. Siririyar rigar ulun merino a jikin fata, mai kauri ta Thinsulate (wani yadi mai riƙe ɗumin jiki) a sama, da safar ulu. Kaurin yana riƙe iska, iskar kuma tana sa mutum ya taso saman ruwa, dole na ƙara dalma a ɗamara don in nutse. Bawul ɗin kafaɗa, wanda ke fitar da iska daga cikin rigar nutso, shi ma na duba shi, kada ƙyalle ya toshe mafitar iska.