Ƙusa ko Tsaga: Yadda Za Ka Gane Irin Hawan Dutsen da Ya Karɓe Ka

Tun daga 2018, shekarar da aka kafa hukumar hawan dutse ta Saudiyya aka kuma fara kafa ƙusoshi a duwatsun Shafa da ke kusa da Ɗa'if, yaranmu na Makka da Jidda suka samu abin yi Juma'a da Asabar ban da ƙwallo da zaman istiraha. Ni gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne sana'ata, ta wajen Shara Mansur a Makka, kuma a Shafa na koyi igiya. Tambayar da ƙannena suka fi damuna da ita ita ce: hawan ƙusa za su kama ko na gargajiya? Amsata ba ta canjawa. Ka fara da ƙusa ko da zuciyarka na can wajen tsaga, sannan ka bari dutsen ya gaya maka inda ka dosa.

Hawan ƙusa, wanda ake ce wa sifot, shi ne wanda wani ya riga ka ya huda dutse da inji, ya kafa ƙusoshi masu kunne tun daga ƙasa har turken sama, tsakaninsu taku biyu ko uku. Kai naka ka hau, ka maƙala tagwayen ƙugiya a kunnen, ka saka igiya, ka wuce. Na gargajiya kuwa, tirad, babu komai a jikin dutsen. Ƙarafanka na rataye a ɗamararka, kai za ka nemi tsaga ka cusa abin da zai tare ka in ka faɗo, na bayanka ya bi yana cirewa, ku bar dutsen yadda kuka same shi. Na gargajiyar ne babba a shekaru. Na ƙusa ya bunƙasa ne a kudancin Faransa, a Verdon da Buoux, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980.

Dalilin da ya sa nake cewa a fara da ƙusa ba tsoro ba ne, lissafi ne. Ƙusar da aka kafa bisa ƙa'idar Turai tana ɗaukar kilonutan 25 idan an ja ta ƙasa, kilonutan ɗaya kuwa kusan nauyin kilo 100 ne. Kyam, wato ƙarfe mai kunnuwan da ke buɗewa su kama bangon tsaga, mai matsakaicin girma yana ɗaukar 12 zuwa 14, ƙananan ba su kai haka ba, akwai ma 'yan mitsi-mitsin noti, wato dunƙulen ƙarfe mai waya da ake cusawa a tsaga, da aka rubuta musu 2 kawai, waɗanda ba don faɗuwa aka yi su ba. Wannan lambar ma sai idan ka saka ƙarfen daidai, a dutse mai kyau. Ƙusa ba ruwanta da gajiyarka. Noti kuwa ƙarfinsa daidai yake da hankalin da ka saka shi da shi, ga hannu ɗaya ya kumbura, ga ƙafa na rawa.

Ga kuma maganar wuri. Hanyoyin da aka shirya a ƙasar nan, na Shafa da na Tanuma a Asir da na Hariƙ kudu da Riyad, yawancinsu na ƙusa ne. A nan za ka samu abokan hawa da masu koyarwa, maza da mata; Yasmin Gahtani na cikin waɗanda suka buɗe wa mata wannan ƙofa. Mai koyar da gargajiya kuwa sai an tona.

Kayan farawa ba su da yawa: takalmi mai kama ƙafa, ɗamara, hular kwano, jakar alli, na'urar riƙon igiya. Ni Grigri nake ba sababbi, wadda kamfanin Petzl ya fitar a 1991, don tana taimakawa wajen cije igiya, amma hannun birki ba ya barin igiya ko da wace na'ura ce. Igiya ta mita 60 ko 70 da tagwayen ƙugiya 12 ku haɗa kuɗi ku biyu ku saya. Kada ka taɓa hawa da igiyar kasuwa ta ɗaurin kaya, ko irin mara miƙewa ta masu aikin gini. Ta hawa ana so ta miƙe ta shanye faɗuwa. Wadda ba ta miƙewa ƙugunka za ta bar wa aikin.

Makonnin farko igiya daga sama za ka yi ta hawa, wato an riga an ratso ta turke, in ka zame ba ka zuwa ko'ina. A nan za ka haddace ɗaurin takwas, wanda ake ɗaura igiya a ɗamara da shi, har hannunka ya iya shi ba da kai ba, ka kuma saba da duba juna kafin kowane hawa: ɗaurinsa, bakin ɗamararsa, yadda igiya ta shiga na'ura, da ƙullin da ke ƙarshen igiya. Kada ka raina wannan. Lynn Hill, wadda ta fi kusan kowa iya hawa a zamaninta, ta faɗo daga saman hanya a Buoux a 1989 saboda ba ta ƙarasa ɗaurinta ba, bishiya ce ta rage mata zafin faɗuwar. Ƙullin ƙarshen igiya kuwa shi ke hana ta sulale wa mai riƙo idan hanya ta fi rabin igiya tsawo. Hanyar mita 30 sai igiyar mita 60, ba ragi.

Idan ka fara ja gaba, wato kana hawa kana maƙala igiya da kanka ba tare da ta sama ba, abu uku ke kayar da sababbi. Dole igiya ta shiga ƙugiya daga ɓangaren dutse ta fito ta nufo ka. In ka juya ta, tana iya buɗe bakin ƙugiyar ta fice lokacin faɗuwa. Kada igiya ta zauna a bayan ƙafarka, don in ka faɗo kanka ne zai yi ƙasa. Sannan daga ƙasa zuwa ƙusa ta uku nan ne haɗarin yake, saboda ƙasa na kusa: mai riƙo ya matso jikin dutse, ya rage sakin igiya, ya bar kallon waya. Bayan haka ka koyi faɗuwa da gangan a wuri mai santsi da ya ɗan rankwafo, daga daidai ƙusa, sannan sama da ita kaɗan. Wanda bai taɓa faɗuwa ba bai san ko ya yarda da igiyarsa ba.

A nan ne hali ke fitowa, kuma shi nake so ka lura da shi a kanka. Akwai wanda in hanya ta kayar da shi sai ya ji daɗi. Zai sauko, ya zauna, ya yi ta zana motsin da hannu a iska, ya koma, ya sake faɗowa a wuri guda, sati na zuwa ya dawo mata. Lambobin Faransa da ake auna wuya da su, 5c, 6a, 6b, lamba na hawa wuya na ƙaruwa, su ne hirarsa, ya san Adam Ondra ya hau 9c a Nowe a 2017. Wannan ɗan ƙusa ne, kada kowa ya sa shi jin kamar hawansa rabi ne. Ƙarfi da iya taka dutse a wajensu suke, ga shi ka ajiye mota ka yi 'yar tafiya ka fara, ka sauko ta hanyar Hada ka iske isha'i a Makka.

Akwai kuma wanda yana tsakiyar hanya idonsa na kan tsagar da ke gefe, yana tambayar ina ta nufa. Ya kai turke bai son a sauke shi, so yake ya ga abin da ke sama. Maimaita motsi ɗaya na gundurar sa, amma zai yi rabin sa'a yana jujjuya ƙarfe a hannu. Ni nan na faɗa. Abin da ke riƙe ni shi ne shirun da kan sauko idan na saka noti ya zauna, na san ni na zaɓi wurin, ba wanda zan ɗora wa. Sai dai farashinsa ka sauko da girman kai: mai hawa 6b a ƙusa ya koma 5a ko ƙasa da haka ranar da ya fara saka ƙarfe da kansa, ya kuma daɗe a nan.

Wani ƙanen abokina ya taɓa tare ni da cewa, "Yaya, ni fa na gargajiya zan yi, shi ne na maza." Na ce, "Madalla, ƙanena. Ungo igiya, rufe ido ka ɗaura mini takwas." Wanda ke neman gargajiya don a ce da shi jarumi, shi ne na fi tsoron riƙe wa igiya.

In ka tabbata can ka karkata, to kada ka fara da sayayya. Kyam ɗaya na iya cin riyal 300 ko fiye, cikakken jeri da noti da madaurai kuwa dubbai ne, yawanci ma sai an yi odarsa daga waje. Nemi wanda ya iya, ka zama na bayansa. Cire ƙarfen da gwani ya saka shi ne makarantar: kana zare shi da ɗan ƙarfen cirewa kana ganin me ya sa ya zaɓi nan bai zaɓi can ba.

Sannan ka yi ta sakawa kana tsaye a ƙasa. Duwatsun Shafa giranit ne, tsagogi ba su da wuyar samu a gindinsu. Fara da dutsen kafin ƙarfen: buga shi da tafin hannu, in ya yi amo kamar ganga, ɓawo ne ko falle, bar shi. Noti wurin da tsaga ta tsuke ta ƙasa yake so. Ka zura shi ta inda ta buɗe, ka jawo shi ƙasa har ya cije, faɗin jikinsa na taɓa dutse ta gefe biyu, ba ƙarshen kusurwa kaɗai ba. Ka fizge shi sau ɗaya ta inda faɗuwa za ta ja. In ya motsa da ka ɗaga wayar sama kaɗan, to igiya ma za ta ɗaga shi, sai ka ƙara masa madauri mai tsawon santimita 60. Asalinsa ma notin inji ne na gaske: masu hawa a Birtaniya ne suka riƙa zura igiya a cikinsa a shekarun 1950 zuwa 1960, kafin a fara ƙera na musamman.

Kyam ya fi sauƙin sakawa, shi ya sa ya fi yaudara. Ray Jardine ne ya ƙirƙiro irin wanda ake amfani da shi yau, aka fara sayar da shi a 1978 da sunan Friend. Kana jan kunamarsa kunnuwansa huɗu su tsuke, ka cusa, ka saki su buɗe su kama bango. Tsaga mai bango biyu a miƙe yake so, ba wadda ta wage baki waje ba. Kunnuwan su kasance sun tsuke fiye da rabi amma ba har ƙarshe ba: in sun buɗe da yawa zai zame, in sun tsuke gaba ɗaya ya zama na dutsen, riyal ɗinka sun tafi. Sandarsa ta kalli inda za a ja shi. Kada ka tura shi can ciki, don motsin igiya na sa shi tafiya da kansa. Ka kuma sani, duk nauyin da ya ja shi ƙasa, kusan ninkinsa yake tura kowane bango, saboda haka bayan falle mara kauri ba wurinsa ba ne. Kowane ka saka, maƙala madauri ka taka da ƙafa, ka sakar masa nauyinka a hankali, da hular kwano a kanka, fuskarka a kauce. In ya fito, da ƙarfi yake fitowa.

Mataki na gaba shi ne ka ja gaba na ƙarya: igiya daga sama tana tsare da kai, kana jan wata ta biyu kana saka ƙarfe, gwaninka ya bi ya duba ɗaya bayan ɗaya ya gaya maka gaskiya. Hanyar ƙusa mai tsaga a gefe ma ta yi, ka maƙala ƙusoshin, ka saka naka a tsakani. Ranar da za ka ja na gaske, zaɓi hanyar da za ka iya hawa kana hira. Ƙarfen farko ya zama wanda ke jure ja ta sama da ta ƙasa, in ba haka ba igiya na iya zare na ƙasan a jere lokacin da ta miƙe. Turken sama kuwa ƙarfe uku masu kyau, a haɗe yadda za su raba nauyi, in ɗaya ya fita sauran ba za su sha fizga ba.

Kada ka ɗauki injin huda ka je ka kafa ƙusa da kanka, ko kana ganin aikin hannu sana'arka ce. Ƙusar shagon kayan gini ba ta hawa ba ce, mai zuwa bayanka kuwa zai yarda da ita ne ba tare da ya san wa ya kafa ba. Wannan aikin hukuma ne da waɗanda ta amince da su. Tsagar da ke karɓar ƙarfe ma a bar ta haka, akwai masu son ta a yadda take.

Shafa ta haura mita 2,000, saboda haka ko Makka na tafasa ka ɗauki rigar sanyi. Da hunturu hazo na iya rufe dutsen cikin 'yan mintoci. A Tanuma ka fara da sassafe, hadari kan taso da rana, kuma kan dutse da ƙarafa a ƙugu ba wurin jiran tsawa ba ne. In tafiya ta kai ka arewa, wajen Ula da Hisma inda dutsen yashi yake, ka bar shi kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa, don jiƙaƙƙensa yana ɓarewa a hannu, kyam kuma na iya yage shi ya fito. Ka gaya wa na gida inda za ka da lokacin dawowa, ka ajiye 911 da 997 na Hilal Ahmar, masu motar asibiti, a waya. Abinci kuma ya zauna a mota a kulle. Biran hanyar Hada da Shafa sun san leda sarai, kuma mai riƙon igiya ba shi da hannun korar biri.