Yadda ake tsara manifol ɗin iska ga injin da aka ƙara wa ƙarfi

Kafin ka yanka alminiyum ko ɗaya, ka tsayar da juyin da kake son injin ya fi ja a kai. Manifol shi ne abin da ke raba wa silindojin inji iska: tulu ne inda iska ke taruwa, da bututu daga tulun zuwa kowace silinda. Tsawon bututu, faɗinsa da girman tulun iska duk daga wannan juyin suke fitowa.

Duk sanda bawul, wato murfin ƙofar shigar iska cikin silinda, ya rufe, iskar da ta taho a guje takan doke shi, matsin ya koma baya zuwa tulu, sannan ya dawo. In dawowar ta dace da sake buɗewar bawul, silinda ta samu ƙarin iska kyauta. Dogon bututu yana ba da wannan a ƙaramin juyi, gajere kuwa sai inji ya yi sama. Lissafin farawa da aka saba: santimita 18 ga juyi 10,000 a minti, ka ƙara kusan 4.3 a kan kowane 1,000 da ka sauko. Ke nan juyi 6,000 na neman wajen santimita 35, kuma daga mazaunin bawul ake aunawa, har da ramin da ke cikin kan inji. Shi ya sa Toyota ta yi ACIS, mai sauya tsawon hanyar iska yayin tafiya.

Faɗi ne inda aka fi yin ɓarna. Bututu mai faɗi da yawa yana kashe gudun iska, sai mota ta yi nauyi a tashi, ka taka totur tana jan ƙafa. Bar shi daidai da ramin kan inji, ya ɗan buɗe ta wajen tulu, bakinsa a lanƙwashe kamar na algaita. Baki mai kaifi yana sa iska ta rabu da bango, hanya ta tsuke.

Tulu kuwa, ga inji mai turbo, a fara da ninki ɗaya da rabi na girman injin: lita 3 ga inji mai lita 2. In maƙogwaron totur, wato ƙofar da iska ke shiga tulu, yana gefe guda, iska kan zarce ta taru a silindar ƙarshe, mai ya yi mata kaɗan, ta ɗau zafi har fistin ya narke. Sirantar da tulun ta can ƙarshen. Bayan gwaji cire fulogi duka ka jera su; wanda ya fi fari, silindarsa ce ke yunwar mai.

Kaurin fallen alminiyum kada ya gaza milimita 3, kuma ka guji shimfiɗaɗɗen bango, matsi yana kumbura shi har walda ta tsage. Zafin walda yana murɗe fuskar da ke haɗuwa da kan inji, don haka a sassaƙe ta a injin gyaran fuska kafin a sa gasket. Na'urar auna matsi a tulu za ta zauna, don a bututun silinda ɗaya karatunta rawa yake yi.

Toshe ƙofofi, hura iska, shafa ruwan sabulu a kan walda. Inda kumfa ya taso, nan ke yoyo. Sannan a sake saita kwamfutar mota da na'urar auna cakuɗar iska da mai: iska wajen kashi 12.5 zuwa 13 ga kashi ɗaya na mai in an take totur duka, mai turbo kuma 11.5 zuwa 12.